Na ce na gamsu, alhali dare biyu ban runtsa ba

Kwana na uku da yi mini aiki, wajen hantsi, wata ɗaliba sanye da farar riga ta tsaya a bakin gadona riƙe da takarda da biro. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce bincike suke yi a kan yadda ake kula da ciwon waɗanda aka yi wa tiyatar ciki, in na yarda za ta yi mini 'yan tambayoyi. Na ce bismilla. Ta tambayi shekaruna da sana'ata da irin aikin da aka yi mini. Can wajen ƙarshe ta ce, “Malam, ka gamsu da yadda aka magance maka ciwo bayan aikin?” Ko jim ban yi ba na ce, “Na gamsu ƙwarai, Allah Ya saka musu da alheri.” Ta sa alama a takardarta, ta yi mini fatan samun sauƙi, ta wuce gado na gaba.

A lokacin da nake wannan magana, dare biyu ke nan ban runtsa ba. Zanen gadon ya jiƙe sharkaf da zufa, hannuna na dama yana dafe da bandeji, ina jan numfashi rabi-rabi don kada ɗinkin ya motsa. Ban yi niyyar yi mata ƙarya ba. Amma abin da na amsa daban, abin da ta tambaya daban, kuma har yau abin yana cina.

Ƙarshen Afrilun 2024 ne, bayan ƙaramar Sallah da kamar mako biyu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ruwan randa ma ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Ciwon ya fara mini daga cibiya, sannan ya gangara ƙasa ta ɓangaren dama. Na ɗauka gyambon ciki ne azumi ya tayar, na yi kwana biyu ina shan abin da mai kemis ya haɗa mini. A dare na uku ƙanena ya ɗauko ni daga Mabera cikin keke, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar an soke ni. A wani asibiti a nan cikin gari aka ce afendis ne ya fashe, mugunya ta bazu, babu jira. Aka tsaga ni a tsaye, daga saman cibiya zuwa mara. Na farka da roba a hanci, robar fitsari, wata robar a gefen ciki tana fitar da ruwa, ga ƙarin ruwa a hannu.

An yi mini allura da yamma, kuma ta yi aiki. Wajen sha biyun dare ta sake ni. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ji ba. Kamar an shimfiɗa garwashi a kan ɗinkin, kuma duk numfashi ɗaya ana hura shi. In na yi yunƙurin gyara kwanciya, sai in ji kamar ana jan zaren da ƙugiya daga ciki. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Nas biyu ne kacal a ɗakin maza gaba ɗaya, ina hango hasken tocilansu yana yawo daga wannan gado zuwa wancan. Sau uku hasken ya iso kaina, aka duba ƙarin ruwa, aka auna jini, aka ce, “Malam, ya jiki?” Sau uku na ce, “Da sauƙi.”

Na sha tambayar kaina me ya riƙe mini baki.

Mu nan ƙasar Sakkwato dauriya ado ce, da ita aka raine mu. Yaron da bai yi kuka wurin kaciya ba shi ake yabo. Wanda ya taɓa kallon sharo ya ga saurayi ana tsula masa bulala yana murmushi, ko gezau. Mai haihuwar fari ana ja mata kunne kada a ji muryarta a waje. Ko mu da ba mu taɓa kwana a ruga ba, wannan fulaku ya shige mana jini. Ga kuma gaisuwarmu: “Ya jiki?” amsa ɗaya gare ta. Na taɓa zuwa duba wani maƙwabcinmu ana saura kwana ɗaya ya rasu, da kyar leɓensa ke motsi, abin da ya fito shi ne “da sauƙi”. To in likita ya zo zagayen safe, ɗalibai na biye da shi, ya ce “ya jiki”, shi a ransa tambaya ya yi, ni kuwa gaisuwa na ji, na kuma amsa ta yadda aka koya mini tun ina yaro.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ina kwance ina tuna cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, sai na ga kamar neman allura gajen haƙuri ne. Sai da na warke na zauna da wani malaminmu, ya tuna mini cewa Manzon da ya yi mana wannan bushara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya umurce mu da neman magani. Ya ce Annabi Ayuba, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, da bakinsa ya gaya wa Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi, kuma hakan bai rage masa komai ba. Na san wannan tun ina makarantar allo, amma a kan gadon nan ban tuna ba.

Sai maganar kuɗi. Duk allurar da aka rubuta, ƙanena ne zai tashi daga tabarmarsa ya je ya biya ya karɓo. Na san abin da ya riga ya kashe tun daga hoton ciki har kayan aiki, na san albashinsa. Kuma ina tsoro. Duk wanda ke zaune a garin nan ya ga abin da tiramol ya yi wa samari, ya ga 'yan kabu-kabu da leburorin da ba su iya fita aiki sai sun haɗiya. Muna nan gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, bayan ɓarnar ta kai inda ta kai. A raina na ce kada in shigo da ciwon ciki in fita da wata masifar.

Gadon da ke hannun hagu na, wani dattijo ne manomin albasa daga wajen Gwadabawa. Ƙaba ce ta shaƙe masa hanji, aka yi masa aiki kwana ɗaya kafin nawa. Ɗansa yana kwana a ƙasan gadon. Ban taɓa jin nishin mutumin nan ba ko sau ɗaya, casbi kawai yake ja. Amma da dare ina jin majina na kurkur a ƙirjinsa, ina kallon yadda tari ke taso masa ya danne shi, ya haɗiye, jijiyoyin wuyansa su miƙe, hawaye su gangaro ta gefen ido zuwa kunne. Na ce masa, “Baba, ka gaya musu mana.” Ni da ban gaya musu nawa ba. Ya juyo da kai a hankali ya ce, “Ɗana, mutanen ga da sunka ceci raina, su za ni damu da kuka awa jinjiri? Wanda Ya aiko shi, Shi ka ɗauke shi.” Ɗalibar nan ta je gadonsa bayan nawa. Na ji amsarsa da kunnena, irin tawa ce sak.

A dare na uku aka canza masu aikin dare. Wata Sista ce dattijuwa, gajera, mai tabarau. Ta duba ƙarin ruwa kamar kowa, sannan ta karkato tocilan ta dubi fuskata, ta dubi hannun da na dafe ciki da shi. Ta ce, “Malam, ba gaishe ka nike ba, tambaya ce. Ga yatsu goma. In goma shi ne ciwon da babu na sama da shi, naka nawa ya ci?” Na yi shiru, sannan na ɗaga takwas. Ta ce tun yaushe. Na ce tun shekaranjiya. Ta girgiza kai ta ce, “Kukan kurciya jawabi ne, na sani. Amma dubi yawan gadajen nan, mu biyu ne. Ba mu iya fassara kukan kowa in bai buɗe baki ba.”

Ta jawo fayil ɗina ta nuna mini wani abu da ban sani ba. Likita ya rubuta allura mai ƙarfi, amma a gabanta ya sa alamar da ke nufin a yi ta in an buƙata. Wato sai mara lafiya ya ce yana jin ciwo. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni na ce da sauƙi. Saboda haka a cikin fayil, ni mutum ne da bai buƙata ba. Maganin yana rubuce da sunana, dare biyu, babu abin da ya raba ni da shi sai kalmomi biyu da na riƙa maimaitawa.

Ta kira likitan da ke kwana, suka sake tsari. Aka sa mini farasitamol ta jijiya duk bayan awa 6, da agogo, ko na yi kuka ko ban yi ba, aka haɗa da allurar mai ƙarfi. Bayan kamar rabin awa ta dawo, ba tare da na kira ba, ta ce, “Yanzu nawa?” Na ɗaga huɗu. Ta naɗe zane ta yi shi kamar gammo, ta ɗora a kan bandejin, ta sa na rungume shi da hannu biyu na lanƙwasa gwiwa, ta ce in ja numfashi mai zurfi in yi tari. Na yi, ɗinkin bai tsage ba. Na yi barci har sai da rana ta fito. Washegari na zauna a bakin gado, da la'asar ƙanena ya riƙe mini ledar ƙarin ruwa na taka har ƙarshen baranda. A daren iska ta fita, abin da likitoci ke ta tambaya kullum safiya domin shi ne alamar hanji ya farka. Aka cire robar hanci, aka ce in fara kurɓar ruwa.

Baba na gadon hagu kuwa, shi ma Sistar ta yi masa tambayar yatsu, ya ƙi ɗagawa. A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, aka jawo masa tukunyar iska. Likita ya ce huhu ne ya kamu. Har aka sallame ni yana nan. Na koma wankin ɗinki bayan mako ɗaya na tarar ya fara zama, ya rame ƙwarai, ɗansa ya ce sun sayar da buhunan albasar da suka ajiye don jiran tsada.

Ina da aboki likita, tare muka yi firamare, ya zo duba ni a gida na kwashe labarin nan na gaya masa. Shi ya warware mini abin da na gani da ido. Wanda aka tsaga masa ciki, in ciwo ya yi yawa ba ya cika huhunsa da iska, ba ya tari, sai ƙasan huhun ya lanƙwashe, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ba ya tashi ya taka, sai jini ya iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan kuma in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Hanji ma ya fi jinkirin farkawa ga wanda ke kwance kamar gungume. Wato kashe ciwo bayan aiki ba gata ake yi wa mutum ba, yana cikin aikin kansa. Ya ce kuma ciwo kamar icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bari ya kai takwas ko tara, maganin da za a sha kafin a sauko da shi ya fi wanda da zai tsare shi tun farko.

Ya yi mini bayanin dalilin haɗa magani biyu ko uku. Farasitamol hanyarsa daban, dangin diklofenak tasu daban, masu ƙarfi irin su fentazosin da mofin tasu daban. In aka haɗa, sai a buƙaci kaɗan daga mai ƙarfin, a rage jiri da amai da taurin bayan gida da yake kawowa. Kowanne kuma da iyakarsa. Babba mai lafiyayyar hanta ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Diklofenak ba a ba mai gyambon ciki ko mai matsalar ƙoda, kuma ana taka-tsantsan da shi ga wanda ruwan jikinsa ya ƙone, shi ya sa ni ba a ba ni ba. Fentazosin, wadda aka fi yi mana a asibitocinmu, aikinta awa uku zuwa huɗu ne, don haka allurar magariba ba za ta kai mutum asuba ba. Wannan kaɗai da an gaya mini, da ban ɗauka wani abu ne ya lalace a cikina ba lokacin da ciwon ya dawo tsakar dare.

Na kawo masa tsorona na tiramol. Ya ce in bambanta. Wanda hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, wanda kuwa jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ke kamawa kwali-kwali har da mai 225. Maganin da likita ya auna, aka ba ka na 'yan kwanaki, ana rage shi yayin da rauni ke warkewa, ba ɗaya yake da wanda yaro ke saye a bayan tasha yana watsawa cikin lemo ba. Hatsarin yana nan, shi ya sa ake kulle masu ƙarfin a kabad, ana rubuta duk kwalbar da aka fasa a rajista. Amma tsoron ya yi mana yawa har ya kai mai raunin tsawon taƙi yana ƙin abin da aka tanada dominsa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai hawa uku na magance ciwo, daga magani mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, asali don masu ciwon daji, kuma ginshiƙinsa shi ne a ba da magani da agogo, kada a jira sai mutum ya roƙa. A 2010 masana ciwo na duniya suka taru a Montiriyal ta ƙasar Kanada suka ayyana cewa samun maganin ciwo haƙƙi ne na ɗan'adam. Ni a kan gadon nan alfarma na ɗauke shi.

Da na ba shi labarin ɗalibar da takardarta, bai yi mamaki ba. Ya ce abu ne sananne ga masu irin wannan bincike, a nan da ƙasashen waje: mutum ya ce ciwonsa ya yi tsanani, a layi na gaba kuma ya ce ya gamsu. Na gane dalili, domin ni ma na yi. Na shiga ɗakin tiyata ina kalmar shahada, na fito da rai, wa zan yi wa ƙorafi? Na riga na sa a raina cewa wanda aka yanka dole ya sha wuya, don haka wuyar ba ta zame mini laifin kowa ba. Kuma an tambaye ni ina kwance, nas na tsaye taku biyar daga gadona, ita ce za ta wanke mini ɗinki gobe. Godiya na yi, aka rubuta ta a matsayin shaida cewa maganin ya wadatar. Abin da ke damuna shi ne inda takardar ta tafi. Wataƙila ta shiga cikin lissafin da wani babba zai duba ya ce ai marasa lafiyarmu sun gamsu, babu abin gyara, nas biyu sun isa. Da hannuna na taimaka aka rufe ƙofar.

Ba na ganin laifin yarinyar, abin da aka ba ta ta karanta. Amma da zan samu masu tsara irin wannan takarda, da na roƙe su su bar tambayar mutanenmu ko sun gamsu, ko aƙalla kada su tsaya nan. Su tambaye mu awa nawa muka yi barci jiya. Mun iya tari? Mun iya juyawa ba tare da an kama mu ba? Da muka nemi magani, minti nawa aka yi kafin ya zo, kuma an dawo an duba ko ya yi aiki? Akwai wanda ya gaya mana tun kafin aiki irin ciwon da za mu ji da abin da za a yi a kai? Waɗannan ba su da amsar gaisuwa. Baba na Gwadabawa ba zai taɓa cewa bai gamsu ba, amma da an ce masa “ka yi barci?” ba zai yi ƙarya ba.

Hunturun da ya wuce aka sa wa yayata ranar cire ƙari daga mahaifa. Ƙura ta rufe gari, ita kuma dama tana fama da tari duk lokacin sanyi, sai hankalina ya tashi. Na raka ta ganin mai allurar barci kafin ranar, na yi tambayoyin da ban yi wa kaina ba: me za a ba ta bayan aiki, ƙarfe nawa da ƙarfe nawa, wa za a kira da dare. Ya ce allurar baya za a yi mata, ƙafafu za su mutu na 'yan awoyi, kuma ya kamata maganin farko ya shiga kafin ta gama sakinta. Muka sayi duk abin da aka rubuta tun da rana, don kada a tashi neman famasi ƙarfe biyun dare. A hanyar komawa gida Yaya ta ce, “Kai dai ka cika neman magana. Haihuwa bakwai na yi, wa ya ji bakina?” Na ce, “Yaya, ba don kin kasa ba ne. Don ki iya tari ne.”

Tun da namiji ba ya kwana a ɗakin mata, 'yarta ce ta zauna jinya. Na yago mata takarda daga littafin rubutu, na ja layi uku: lokaci, maganin da aka ba ta, yatsu nawa. Na nuna mata yadda ake naɗe zane a dafe ɗinki. Na ce in ya wuce biyar ta je ta gaya wa Sista da ladabi, in an yi rabin awa ta sake komawa. Daren farko, ta ce mini, sai da ta yi ta lallashi kafin uwar ta ɗaga bakwai, kuma sai da ta ja labule tukuna. Aka zo aka yi mata allura, aka dawo aka duba.

Rana ta biyu na shiga lokacin ziyara bayan la'asar, na tarar ɗakin cike da 'yan dubiya, ga kwanonin abinci jere a ƙarƙashin gado. Tana zaune an jingina ta da matashi biyu, naɗaɗɗen zanen yana kan cinyarta. Na durƙusa na ce, “Yaya, ya jiki?” Ta ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi,” kamar yadda ta gaya wa duk wanda ya riga ni. Sannan ta saci idon mutane, ta zaro hannu daga ƙarƙashin mayafi daidai inda ni kaɗai zan gani, ta ɗaga mini yatsu uku. Ta mayar da hannun, ta ce wa 'yarta ta miƙo mata kunun da likita ya ce ta fara sha.